Mu biyar ne a kamfanin, oga ya ce tsaro sai mun girma

Tambaya: Malam, ni mai rubuta manhaja ne a wani ƙaramin kamfani, mu biyar ne kacal. Muna haɗa manhajar adashe da ajiyar kuɗi ta 'yan kasuwa. Duk ranar da na ɗauko maganar tsaro sai oga ya ce a bari sai mun samu jama'a da jari. Shin gaskiyarsa ce? Na biyu, ina sha'awar komawa harkar tsaron bayanai kacokan. Da wane satifiket zan fara?

Amsa:

Ƙanena, ka kawo tambaya biyu, amma a wurina guda ce, za ka kuma ga dalili kafin mu rabu. Mu fara da oga.

Ba zan ce ya yi kuskure ɗungurungum ba. Ƙananan kamfanoni da yawa rashin ciniki ne ke kashe su tun kafin wani ɓarawo ya san da zamansu, kuma mutumin da ke tunanin albashin wata mai zuwa ba zai saurari wanda ya zo masa da jerin na'urori masu tsada ba. Akwai tsaron da lalle sai an girma: ɗakin sa ido na dare da rana, ma'aikacin tsaro na musamman, takardar shaidar tsaron bayanai ta ISO 27001. Waɗannan duk su jira. Sai dai akwai wani nau'in da ba a liƙa shi daga baya, domin a cikin tsarin manhajar yake zaune, tun ran gini tun ran zane. Abin daɗin shi ne wannan nau'in kusan ba ya cin kuɗi, hankali yake ci da ɗan lokaci. Kuma ku kuɗin mutane kuke riƙewa. Mai manhajar hotuna in an yi masa kutse ya ba da haƙuri. Ku in kuɗin adashen 'yan Kwari ya ɓace, babu haƙurin da zai mayar da ku kasuwa.

An yi wani kamfani da ake kira Code Spaces, aikinsa adana wa masu rubuta manhaja rubutunsu. A watan Yunin 2014 wani ya samu shiga asusunsu na Amazon, wato inda suke hayar sabobinsu (manyan kwamfutocin da manhaja ke gudana a kansu), ya nemi su biya shi. Da suka yi yunƙurin ƙwace asusun, sai ya hau goge komai: bayanan kwastomomi, sabobin, har da kwafin ajiya, domin shi ma kwafin a ƙarƙashin asusu ɗaya yake. Cikin sa'o'i kaɗan kamfanin ya sanar cewa ba zai iya ci gaba ba. Ka lura, babu wata fasaha ta ban mamaki a nan. Makulli ɗaya ne ke buɗe shago da sito da akwatin kuɗi, makullin kuma ya faɗa hannun wani.

Don haka abu na farko ba a cikin manhajarku yake ba, a cikin asusunku yake. Zauna ka rubuta a takarda: wa ke iya shiga asusun sabar, wa ke iya shiga GitHub inda ake ajiye rubutun manhaja, wa ke riƙe da asusun sunan shafinku, wa ke da imel ɗin da ake aika saƙon sauya kalmar sirri zuwa gare shi. Na yi wannan zama da kamfanoni da dama, kuma da wuya a tashi ba a tuno da wani tsohon ma'aikaci ko wani ɗan kwangila da har yanzu ƙofarsa ke buɗe ba. A wani wuri da na taɓa dubawa, kalmar sirrin rumbun bayanai tana cikin zauren WhatsApp na ofis, an ma maƙale ta a sama don kada a sha wahalar nema, kuma mutum biyu da suka bar aiki ba a cire su daga zauren ba. Ba miyagu ba ne, amma wayar ɗayansu kaɗai za a sace a cikin adaidaita sahu a gama da kamfanin. Kowa ya samu asusunsa na kansa, da iyakar abin da aikinsa ke buƙata. A kunna tabbaci na biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, a ko'ina, kuma kada ya zama na saƙon tes, domin kai ma ka san yadda ake sauya layin mutum a ƙasar nan ba da saninsa ba. Manhajar da ke fitar da lambobi ta fi, ƙaramin makullin da ake sokawa a kwamfuta ya fi duka. Google ya faɗa a 2018 cewa tun da ya tilasta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da irin wannan makulli a farkon 2017, ba a ƙara samun wanda aka ƙwace asusunsa na aiki ta hanyar saƙon yaudara ba. Kwafin ajiya kuma ya zauna a wani asusu daban wanda na farkon ba zai iya gogewa ba, sannan wata rana ku gwada dawo da shi ku gani. Kwafin da ba a taɓa gwada dawowa da shi ba, zato ne kawai.

Sai makullan da ke cikin rubutun manhaja, wato lambobin sirrin da manhaja ke shiga wasu asusu da su. A 2016 wasu suka shiga ma'ajiyar rubutun injiniyoyin Uber a GitHub, suka tsinci makullin Amazon a rubuce a ciki, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi shiru har Nuwamban 2017. Riƙe ƙarshen labarin, domin ya shafi sana'ar da kake so: a Oktoban 2022 kotun tarayya a Amurka ta samu shugaban tsaron kamfanin na lokacin, Joe Sullivan, da laifi, ba don an yi kutsen ba, sai don ɓoyewar. Ku dai ku duba ma'ajiyarku yau. Akwai kayan aiki na kyauta irin gitleaks da ke tono makullan da aka manta. In ka samu ɗaya, goge shi daga fayil bai wadatar ba, domin Git, mai adana duk sauyin da aka yi wa rubutu, ba ya mantuwa, yana nan cikin tarihi. Sai an kashe wancan makulli an yanko sabo. Haka nan duk makullin da kuka cusa a cikin manhajar waya, ku ɗauka kun buga shi a jarida, don kwance manhajar Android a karanta cikinta aikin 'yan mintuna ne.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe, domin a nan ne mai rubuta manhaja ya fi kowa amfani, kuma a nan na fi samun ɓaraka a manhajojin kuɗi. Yawancin manhajoji sun iya tambayar "wane ne kai?" Kaɗan ne ke tambayar "wannan abin da ka nema, naka ne?" Ka shiga da asusunka, ka buɗe rasit, ka ga adireshin ya ƙare da 4417. Sai ka mayar da shi 4416. In rasit ɗin wani ya fito, an gama, domin ƙaramin rubutu na layi goma zai zazzage na kowa kafin asuba. Kada ka raina wannan. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa kamfanin First American na Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a buɗe ta wannan hanya, har da lambobin asusun banki da takardun jinginar gida, wasu tun na 2003. Sauya lamba ɗaya a adireshi, shi ke nan, ko shiga ba a buƙata. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin intanet tun 2003, ta ɗora wannan aji na kuskure a matsayi na ɗaya a jerinta na 2021.

Abin da ya sa yake wahalar kamawa shi ne babu na'urar da ta san ƙa'idar kasuwancinku. Na'ura ba ta san cewa uwar adashe tana da damar ganin zubin 'yan ƙungiyarta amma ba ta da damar ganin na wata ƙungiya ba. Ba ta san cewa wakilin da ke karɓar zubi a kasuwa bai kamata ya iya sauya lambar asusun da za a tura kwasa ba. Kai ka sani. Saboda haka binciken mallaka ya zauna a wuri guda a sabar, kowace buƙata ta bi ta nan, kuma asali a hana sai in an ba da izini a fili. Ɓoye maɓalli a fuskar manhaja ba tsaro ba ne. Mai kutse ba ya danna maɓalli, kai tsaye yake magana da sabar. Ka rubuta gwaji mai sauƙi: asusu biyu, na Audu da na Bala, Audu ya nemi kowane abu na Bala, gwajin ya nuna akwai matsala in har Audu ya samu. Ka sa ya riƙa gudana duk lokacin da aka ƙara rubutu. Wannan gwaji kaɗai ya fi wasu rahotannin da na ga an biya miliyoyi a kansu.

Daga nan sai lissafin kuɗin kansa. Kada sabar ta yarda da adadin da waya ta aiko mata. Ita za ta lissafa. Me zai faru in wani ya tura adadi mai alamar ragi, ya ce zai aika wa abokinsa naira dubu biyar a ƙasa da sifili? Na taɓa ganin manhajar da ta ƙara wa mai aikawar kuɗi. Me zai faru in mutum yana da dubu goma, ya aika buƙatar cirewa sau ashirin a cikin daƙiƙa ɗaya? In manhajar tana duba ragowar kuɗi, sannan ta cire a mataki na daban ba tare da kulle layin a rumbun bayanai ba, da yawa daga cikin buƙatun za su tarar da dubu goman tana nan, duk su wuce. Sannan saƙon da kamfanin biyan kuɗi ke aiko muku cewa wane ya biya: kuna tabbatar da cewa daga gare su ya fito? Paystack, alal misali, yana sa hannu a kan kowane irin wannan saƙo da makullinku na sirri, aikinku ne ku duba sa hannun kafin ku ƙara wa kowa ko kwabo. Wanda bai duba ba, duk mai sanin adireshin zai iya aiko masa da alat na bogi, irin dai wanda ake yi wa masu POS, sai dai wannan babu mutum a tsaye da zai yi shakka. Kuma in saƙo ɗaya ya zo sau biyu, wanda yakan faru ko babu mugun nufi, kada a biya sau biyu.

Sauran na san ka ji su, zan wuce da sauri. Kalmar sirri ba a adana ta yadda take, niƙa ta ake yi ta yadda gari ba ya komawa tsaba, kuma da injin da aka yi don haka, bcrypt ko Argon2. LinkedIn ya yi amfani da tsohon inji SHA-1 ba gishiri (ƙarin haruffan da ake gauraya wa kowace kalma kafin niƙa), a 2012 aka watsa miliyan 6.5, daga baya a 2016 ta bayyana cewa abin ya haura miliyan 100. Tambayar rumbun bayanai kada a haɗa ta da abin da mutum ya rubuta kamar ana ɗinka jimla, a bi hanyar da ke raba umarni da bayani, kowane yaren manhaja yana da ita. Lambar katin banki kada ta taɓa sabarku, ku bar wa masu lasisin da suka cika ƙa'idar tsaron katin banki ta PCI DSS. BVN da NIN da hoton katin shaida, in kun gama tantancewa ba ku da buƙatarsu, kada ku tara. Abin da ba ka ajiye ba, ba a sace shi a hannunka.

Akwai kuma kayan aro. Manhajarku, in ka auna, abin da kuka rubuta da hannunku ɗan kaɗan ne, sauran guntaye ne na wasu da kuka jawo. Equifax ya yi asarar bayanan mutum kusan miliyan 147 a 2017 saboda rami a wani guntun aro, Apache Struts, wanda facinsa ya fito tun watan Maris, masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli. A Disambar 2021 da matsalar Log4j, ita ma kayan aro ce, ta fashe, abin da ya fi ba kamfanoni wahala ba facin ba ne, sanin ko suna amfani da ita ma, domin tana ɓoye a cikin abin da ke cikin abin da suka aro. Ku kunna Dependabot na GitHub, mai sanar da ku kayan aron da ke buƙatar faci, kyauta ne, ku ware rana a wata don sabuntawa. Ba zan iya wuce nan ban faɗi labarin xz ba, ko da bai shafe ku kai tsaye ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa a wannan ƙaramar manhaja ta matse fayil har aka amince masa, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga sabar ta SSH, hanyar da ake shigarta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, abin ya dame shi, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta bazu. Rabin daƙiƙa. Duk wanda ya tambaye ni wane hali ake nema a wannan sana'a, wannan labarin nake ba shi.

To yaya za ka shigar da wannan cikin aikin mutum biyar ba tare da ka zama mai hana ruwa gudu ba? Kafin a fara kowane sabon sashe da ya taɓa kuɗi ko bayanan mutane, ku ɗauki minti ashirin a gaban allo da tambayoyi huɗun da Adam Shostack ya yaɗa: me muke ginawa, me zai iya lalacewa, me za mu yi a kai, mun yi shi da kyau? A tambaya ta biyu ka sa kowa ya zama ɓarawo na ɗan lokaci, har da mai kula da kwastomomi, domin ita ta fi ku sanin dabarun da ake zuwa da su ta waya. Kada ku manta da na cikin gida, da ɗan gari kan ci gari. Kutsen Twitter na Yulin 2020, wanda aka karɓe asusun Obama da Bill Gates da Elon Musk, ta wayar tarho aka yaudari ma'aikata har aka kai ga allon gudanarwa na ciki. Naku allon gudanarwar, wa ke iya sauya lambar wayar kwastoma a kansa, kuma in ya sauya, akwai inda aka rubuta cewa shi ne? Manyan ma da haka suka fara. Sai da tsutsotsin kwamfuta irin Code Red da Nimda suka wahalar da kwastomomin Microsoft a 2001, sannan Bill Gates ya rubuta wa ma'aikata takardarsa ta Janairun 2002 cewa tsaro ya sha gaban sababbin fasaloli, aka tsayar da aikin da dubban injiniyoyin Windows ke yi aka koma bitar rubutu. Su suna da kuɗin da za su tsaya cak. Ku ba ku da shi, shi ya sa naku zai zama kaɗan-kaɗan tun yanzu.

Shi kuma oga, kada ka je masa da tsoratarwa, ka je masa da harshen da yake ji. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 in aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, kuma ba ta ce sai babban kamfani ba. Tambaye shi: in abin ya faru yau, muna da rajistar da za ta nuna mana me aka ɗauka? Sannan duk bankin da za ku haɗa hulɗa da shi, da duk mai zuba jarin da ya san abin da yake yi, zai turo muku doguwar takardar tambayoyin tsaro. Ka ce masa kana neman yini ɗaya a mako biyu don ranar da takardar ta zo kada ciniki ya tsaya. Da wuya ya ƙi. In wani ya zo sayar muku da gwajin kutse, wato a biya ƙwararre ya gwada fasa manhajarku, kafin ku yi waɗannan, ku dakata. Za ku biya ne a faɗa muku abin da na faɗa maka kyauta.

Yanzu sana'a. Ka ce kana so ka "koma" harkar tsaro, kamar wani gari ne da za ka yi ƙaura zuwa. Kana cikinsa. Abin da ya fi wahalar samu a wannan fage shi ne mutumin da ya iya rubuta manhaja kuma ya iya ganin inda za ta karye. Masu iya kunna na'urar bincike su miƙo rahoto mai shafi ɗari suna da yawa. Wanda zai zauna kusa da injiniya ya ce ga layin da matsalar take, ga yadda za a gyara ba tare da an rushe sauran ba, shi ne ake nema ruwa a jallo. In ka yi wata shida kana aikata abin da na lissafa a sama, kana rubuta abin da ka samu da yadda ka gyara, kana da abin faɗa a gaban masu ɗaukar aiki wanda mai satifiket uku ba shi da shi.

Fagen kuma ba hanya ɗaya ba ce, ko da yake matasa gwajin kutse kawai suke hange, saboda shi ne mai ƙyalli. Guraben sa ba su kai yadda ake zato ba, kuma rabin aikin rubuta rahoto ne. Ɗakin sa ido shi ne ƙofar da mutane da yawa ke shigowa ta ita, musamman a bankuna da kamfanonin sadarwa: aikin karɓa-karɓa, har da dare, kana tace ƙararrawa ɗari don ka samu ɗaya ta gaske. Ana koyon abubuwa da yawa a nan, ana kuma gajiya. Akwai masu binciken bayan ɓarna, waɗanda ake kira in an riga an shiga. Akwai ɓangaren dokoki da odit, masu tabbatar da cewa kamfani ya cika ƙa'idojin Babban Banki da na NDPC da na ISO. Masu fasaha kan raina shi, amma aiki ne mai ɗorewa, kuma wanda ya fito daga akanta ko lauya yakan yi fice a ciki. Akwai tsaron sabobin haya irin na Amazon da Microsoft da Google. Kai dai, da abin da ke hannunka, tsaron manhaja ne hanyarka, da ɗan ƙari na tsaron sabobin haya tunda a ƙaramin kamfani kai ne za ka riƙa taɓa su ko ka so ko ka ƙi. Komawa ɗakin sa ido a matakin farko zai zama ka ajiye jarinka ka fara daga sifili.

Maganar satifiket: amfaninsa ya wuce da kai teburin ma'aikatan ɗaukar aiki, waɗanda ke tace takardu da sunayen da aka ba su. Wannan amfani ne na gaske, ban raina shi ba, musamman a banki ko aikin gwamnati. Security+ na CompTIA ya isa wannan a matakin farko. OSCP yana da daraja domin jarrabawarsa ta aiki ce, kusan sa'o'i 24 kana fasa na'urori sannan ka rubuta rahoto, amma da dala ake biya, kuma da canjin yau ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka bari sai ka ƙware, ko kamfani ya biya maka. CISSP yana buƙatar shekara biyar ta aiki, ba naka ba ne yanzu. CISA na masu odit ne. Abin da zan hana ka shi ne ka ci bashi ka biya wata makarantar wata uku da ta yi maka alkawarin aikin dala. Digiri kuwa, akwai jami'o'in da ke koyar da fannin, irin ta fasaha da ke Minna, kuma yana taimakawa wurin aikin gwamnati, amma da yawa daga cikin waɗanda na fi girmamawa a sana'ar ba shi suka karanta ba.

Wurin koyo kyauta ne, data kawai zai ci. Web Security Academy na PortSwigger shi ne na farko a wurina ga mai irin hanyarka. Ka fara da sashen ikon shiga da na kurakuran tsarin kasuwanci, za ka riƙa ganin manhajarku a cikin kowane darasi. Ka sauke Juice Shop na OWASP, shago ne da aka gina da ramuka da gangan, ka fasa shi a kwamfutarka. Bandit na OverTheWire zai gyara maka hannu a Linux, picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon kuma yana da daɗi in kun haɗu ku biyu ko uku. Ka koyi yadda ƙa'idojin intanet na HTTP da DNS da TLS ke aiki har ka iya bayyana su da Hausa ga wanda bai sani ba. Farautar lada, wato nemo wa kamfanoni ramuka da izininsu su biya ka, a HackerOne da Bugcrowd halal ce kuma ana samu, amma kada ka ajiye aikinka saboda ita: za ka iya shafe wata uku ka samu rami ɗaya, a ce maka wani ya riga ka kawo shi.

Ga gargaɗin da ba na gajiya da maimaitawa. Kada ka gwada abin da ka koya a kan manhajar da ba a ba ka izini a rubuce ba, ko da niyyarka ka taimaka musu. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini, kuma "na so in nuna musu ne" ba ta fitar da kowa a gaban EFCC. Har a kamfaninku, ka sa oga ya rubuto maka ko da layi biyu ne a imel cewa ya amince, ka kuma yi gwajin a sabar gwaji, ba a kan kuɗin mutane ba. Wannan sana'a a kan amana take tafiya, ana ba ka makullan gidan mutane ne. Da ka fara ƙwarewa za a samu masu zuwa maka da "wani ɗan aiki" a kan asusun wani ko wayar wata. Sau ɗaya ya isa ya rufe maka ƙofar banki har abada, ban da abin da ke tsakaninka da Allah.

In ka zo gabana neman aiki, takardunka zan duba na minti ɗaya in ajiye. Zan ce ka ba ni labarin rami ɗaya da ka samu da kanka: yaya ka gano shi, me zai faru da an bar shi, yaya ka shawo kan wanda ya rubuta wurin ya gyara ba tare da kun ɓata ba, kuma me ka sa a wurin don kada irinsa ya dawo. Sai in miƙo maka rubutun manhaja na shafi ɗaya mai cire kuɗi daga asusu in ce ka karanta da ƙarfi, ka faɗa mini abin da bai kwanta maka ba. Daga nan in ce ka rubuta mini sakin layi ɗaya da za a kai wa manajan da bai san kwamfuta ba, ya karanta ya gane ko zai saki kuɗin gyara. A wannan na ukun ne mafi yawa ke faɗuwa, don haka ka riƙa rubuta bayanin kowane gyara da ka yi tun yanzu, da Turanci mai sauƙi, kana cire sunan kamfani da duk abin da zai tona asirinsa.

Ranar Litinin ka buɗe asusu biyu a sabar gwajinku, ka shiga da na farko, ka nemi rasit ɗin na biyu. Abin da ya fito, ka rubuto mini.